Inda Bututun Ya Sauka

...a sake karyawa, wai. Haka likitan ya faɗa, har da murmushinsa: za mu sake karya idon sawun, mu miƙe shi, mu ɗaure da ƙarfe. Ƙarfe! Shi mai walda za a gaya wa ƙarfe?

Ana tura shi a gado, fitilun silin na wucewa, ƙafar hagu a buɗe, a karkace, tana kallon bango kamar kullum. An zana mata alama da biro. Daidai wurin. Daidai inda bututun ƙarfen ya sauka — gareji, ƙaurin walda, Yaya da jajayen idanu, a kan mukullin shago kawai... ƙas! Ba ihunsa yake tunawa ba. Ƙarar. Da yadda Yaya ya sake ɗaga hannu.

Daga tsani ya faɗo, haka Inna ta yanke. "Asibiti tambaya za su yi. So kake a ɗaure ɗan'uwanka?" Katako biyu, tsumma, ƙofa a rufe. Ƙashi ya haɗe yadda ya ga dama.

To, ƙafar dai ba ta iya ƙarya ba. Duk safiya ya ratsa gareji yana jan ta, sai Yaya ya sunkuyar da kai, guduma ta yi shiru. Shi kuwa wallahi daɗi yake ji. Da gangan yake ƙara ɗingishin, ya ja, ya ja, a gaban masu kawo aiki — kalla, mugu, kalli aikinka!

Yanzu ga Yaya can bakin ƙofa, rungume da takalman ƙaninsa, ɗayan ya cinye ta gefe. Shi ya nemo likitan. Tausayi? Ina! Shaida yake so a goge. Da shi ma zai samu guduma yanzu... ya kwantar da Yaya, ya taka gwiwar, ya daidaita, sau ɗaya tak, ya ji ƙarar nan daga waje —

Ɗaki mai sanyi. Zarto a faranti, ƙarami, yana ƙyalli.

"Malam, me ya karya ta tun farko?" in ji mai allurar barci.

Yanzu. Faɗa. In ya farka ƙafa ta miƙe, wa zai yarda? Bututu... Yaya ne... harshe ya yi nauyi, fitila na narkewa, Inna na riƙe da ƙofa...

"Tsani," ya ji bakinsa ya ce.