Bakin Ɗan'azumi

Shekara tara Ɗan'azumi tela ya yi yana taka keke a bayan butik ɗin wata Bafaranshiya, yana leƙen yadda take sayar da kayan yara. Da aka samu ƴancin kai ta tattara ta koma ƙasarsu, ta bar masa madubi ɗaya da wata doguwar kujerar jarirai. Shi kuwa ya ɗauka sarauta aka naɗa masa. Ya kama shago kusa da kasuwar Petit Marché a birnin Yamai, ya ce daga yau Mushe Azumi za a riƙa kiransa, yadda Faransawa ke kiran manyan mutane.

Sati uku yana ƙawata wurin. Bango ya sha shuɗin fenti, rufi ya sha furannin takarda, ƴan riguna na reto a zare kamar shanya. Ya sa aka fasa bangon gaba aka kafa gilashi, ya girke kujerar a bayansa, ya naɗe ta da jan ƙyalle. A nan za a riƙa ɗora yaro a gwada masa riga, duk mai wucewa ya gani ya yaba. A saman ƙofa aka rangaɗa rubutun Faransanci da manyan baƙaƙe.

Yayarsa Delu, mai sayar da yaji a kasuwa, ta zo ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Me rubutun ke cewa?"

"Kyakkyawan jariri."

"A bakin hanya? Kai Ɗan'azumi, wace uwa za ta baje ɗanta cikin gilashi kamar tsire, idon gari duk a kansa? Ka manta da kambun baka?"

"Yaya, wannan tsohon zance ne. Ni matan da suka yi lakol, ƴan boko, nake jira."

Gaskiyarsa, mace ɗaya yake jira: Madam Ramatou, matar wani babban darakta. Inda ta sa ƙafa nan matan ma'aikata ke bi, inda ta yatsina fuska kuwa ko ƙuda ba ya sauka. In ta yaba, shago ya tsaya. In ta kushe, sai ya koma ɗinkin wando a rumfa.

Ran buɗewa sai ga ta a mota, takalmi mai tsini, baki ba ya fitar da komai sai Faransanci, ɗanta a kafaɗa cikin farin leshi. Ɗan'azumi ya karɓi yaron, ya ɗora shi a kujera, ya sa masa ƴar riga mai kwalar matuƙan jirgi. Ya ja da baya ya tafa hannu, ya zuba yabo da Faransanci, daidai yadda uwargijiyarsa Bafaranshiya ke yi a da. Madam ta yi murmushi. Da Faransanci ai baki ba ya kamu.

Mutane suka cika bayan gilashi, kan Ɗan'azumi ya kumbura. Ya ga bai kamata ƴan kallo su tafi ba su fahimta ba, sai ya leƙa ƙofa ya fassara musu da ƙarfi:

"Ku dubi ƙiba! Ku dubi kumatu! Duk Yamai babu yaro mai kyau da lafiya kamar wannan!"

Ko tubarkalla bai ce ba.

Faransancin Madam ya ɓace ɓat. "A'uzubillahi! Bakinka ya sari ɗanyen kashi!" Ta fizge ɗanta, tana tofa masa addu'a a ka. Garin fizgar leshin ya yaye, sai ga layu uku da kuɗin wuri ɗaure a ƙugun yaron. Ta fita a guje, takalmi ɗaya ya maƙale a bakin ƙofa.

Washegari yaron ya tashi da zazzaɓi. Haƙori yake fitarwa, kowace tsohuwa ta san haka, amma ba wadda ta faɗa. Kafin Juma'a labari ya kai har unguwar Talladjé. Mata masu goyo suka riƙa tsallake titi in sun zo saitin gilashin, suna jan mayafi su rufe kan ɗa. Furannin takarda suka koɗe, ƙura ta hau kujera.

Abin ya yi wa Ɗan'azumi ciwo ƙwarai. Wata la'asar ya rufe shago ya koma gida, yana son ya ga fuskar da ba ta gudunsa. Matarsa Yelwa na tsakar gida da ɗansu Alu a baya, yaron na ɓangala masa dariya, kumatu luhu-luhu. Ya miƙa hannu, ya buɗe baki.

Yelwa ta juya goyon ya fuskanci bango.

"Malam," in ji ta, "ɗauke shi, amma don Allah kada ka ce komai."