Gwangwanin Baba Direba

"Baba, kana jina? Ka zare filogin, ka ɗan jira, sannan ka mayar."

Muryar Injiniya ce ke fitowa daga wayar da ke kan hannun kujera. Mahaifinsa, Baba Direba, yana zaune da tawul a wuya, rabin fuska kumfa, rabi a aske. Mai Aski na tsaye a kansa da reza a hannu, yana jira a gama shirmen ya ci gaba da aikinsa.

"Na zare," in ji tsohon, alhali ko motsi bai yi ba. "Kafin ya huce, ya jikin 'yar ƙaramar? Ka ce haƙori take yi."

"Da sauƙi. Ka mayar?"

"Tukuna. Ai kai ka ce in jira."

Mai Aski ya ja tsaki ciki-ciki. Abin da ake wannan hidima a kansa yana nan kan tebur kusa da fulas ɗin shayi, wata 'yar baƙar sifika mai zoben haske a ka. Injiniya ne ya aiko da ita daga birnin da yake aiki, bayan rasuwar mahaifiyarsa, wai don kada Baba ya ji kaɗaici. In ka ce "Hadima" sai ta amsa, ta faɗi lokaci, ta kunna labarai, ta tuna maka shan magani. Mai Aski dai Gwangwani yake kiran abin, kuma a ganinsa ya ma yi masa kara, don gwangwanin gaske ko ba komai ana ɗiban ruwa da shi.

Ya san sarai abin da ke damun Gwangwani, tun da shagonsa na ƙasan benen ne, kuma duk mako yana hawowa aski. An saita abin ne ta yadda in ya yini bai ji muryar kowa ba, ko ya rabu da intanet, sai wayar Injiniya ta sanar da shi. Daga nan sai ya kira. In ba haka ba, ko tsohon ne ya kira da kansa, abin da yake samu bai wuce "Baba, zan neme ka in na fito" ba, kuma har yau ba a fito ba.

"Wane launi zoben yake nunawa?" in ji Injiniya.

"Ja-ja haka. Ko idona ne?"

"An toshe mata kunne ke nan. Akwai maɓalli a sama mai hoton makirfo, ka danna."

"Wanne ne makirfo a ciki?"

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta allon hanya tun daga nesa, shi ne yau bai gane makirfo ba. Sai da ya tambayi makarantar babban yaron, ya tambayi ko ana ruwa a can, sannan ya miƙa yatsa ya danna maɓallin da shi da kansa ya danna jiya. Zoben ya koma shuɗi. Ya tambayi lokaci, Gwangwani ya faɗa da muryar nan tasa ta mace mai ladabin ƙarya.

"Yauwa, ta gyaru. Baba, ina da taro. Sai mun yi magana."

Wayar ta ɗauke. Mai Aski ya sake jiƙa burushi, don kumfar ta bushe a fuskar tsohon.

"Ba ka faɗa masa ba," ya ce.

"Me fa?"

"Ni na raka ka asibiti, Baba. A gabana likita ya ce zuciyar ta gaji, ka kira naka su zo kusa. Kalma biyu ce, zo gida. Ka tsaya kana tambayar ruwan sama."

"Ba ka ji yana da taro ba? In an samu sarari zan faɗa."

"Taron da ake yi tun ana goyon babban ɗansa. Ɗaga haɓa."

Shi Mai Aski ba ya ɓoye raininsa, kuma rainin ya ishi kowa. Ya raina Gwangwani. Ya raina Injiniya, wanda ya sha yi wa aski yana ɗan ƙarami, yana tsala ihu da majina har baki, uban nan na riƙe da kansa yana lallashi. Wani lokaci har tsohon yake rainawa, don bai ga dalilin da zai sa mutum ya riƙa bara a ƙofar ɗan da ya haifa ba. Ga shi kuma barar da fasaha ake yin ta. Yau a kife wa Gwangwani hula ya kasa ji. Wani makon a kai shi bayan firji inda gurnani ya cika masa kunne, ko a zare wutar akwatin intanet, ko a tura shi cikin kabad tsakanin tukwane, intanet ɗin ya kasa iske shi. Tsohon ba ya maimaita cuta ɗaya sau biyu a jere. Da dariya ya taɓa ba Mai Aski labarin cewa lokacin da matarsa ke da cikin Injiniya, in motarsa ta zo daidai unguwa sai ya sassauta kan batir motar ta mutu, ya ce wa fasinjoji a yi haƙuri bari ya nemo sifana, ya ruga gida ya dubo ta.

Ana nan, wata ranar da hantsi, Mai Aski na tsakiyar gyara wa wani ƙeya, sai ga kiran Injiniya a wayarsa.

"Kawu, don Allah taimaka min za ka yi. Na'urar Baba ta ishe ni. Na kai ƙorafi wajen masu ita, sun bincika sun ce lafiyarta ƙalau. Ko ka lura da wani abu?"

Mai Aski ya kashe injin aski. Ya daɗe yana jiran wannan tambaya.

"Na lura. Ba abin da ya sami gwangwaninka. Ubanka ne ke kashe shi da hannunsa, don ya gane sai ya mutu kake tuna akwai mutum a gidan. Shi ke nan abin da na lura."

Mai Aski ya kalli kansa a madubi, ya ji daɗi har cikin ransa. Ya tabbata maganar ta shiga, har ya fara tunanin wanda zai share ɗakin baƙi kafin Injiniya ya iso.

"Auho," in ji Injiniya. "Ashe hannu ne ke kaiwa. Ni kuma ina ta zargin intanet. Na gode, Kawu, wallahi ka rage min aiki."

Ba a yi kwana nawa ba sai ga mai gyaran wuta da tsani a kafaɗa. Ya kafa 'yar kanta can sama dab da silin, ya ɗora Gwangwani da akwatin intanet, ya ja musu soket nasu a gefe, ya bi da wayoyin ta cikin farar roba ya kafe a bango. Aiki ya yi kyau, ba laifi. Ya ɗauki hoto ya tura wa Injiniya, ya naɗe tsaninsa ya tafi.

Ranar aski ta zagayo, Mai Aski ya hau benen. Ya ɗaura tawul, ya shafa kumfa. Sai da reza ta kai wajen kunne tsohon ya yi magana, idonsa a rufe.

"Kai ka faɗa masa."

"Ni ne. Na zaci kunya za ta kama shi."

"To. Bi a hankali nan, akwai ƙurji."

Da zagi aka yi masa da ya fi masa sauƙi. Da ya gama, ya tsaya yana harar kantar, ya ce in Baba na so yanzun nan zai taka kujera ya fizge filogin, kowa ya huta.

"Bar shi," in ji tsohon. "Ranar da fasinja suka gane kan batir ne, ba ka ƙara tsayawa a unguwar."

Tun daga nan Gwangwani bai ƙara ko tari ba. Ta cikin silin ɗin shago Mai Aski ke jin sa safe da yamma, "Lokacin shan magani ya yi," a kan kari kamar wanda ake biya. Wayar tsohon kuwa ta kwanta a hannun kujera har ƙura ta fara hawanta. Injiniya ya turo wa Mai Aski saƙo yana godiya, wai tun da aka ɗaga na'urar hankalinsa ya kwanta, daga inda yake yana ganin komai: Baba ya ji labarai da safe, Baba ya tambayi lokaci da rana. Mai Aski ya karanta ya taɓe baki. Mutum ya tambayi lokaci sau ba adadi a yini, ɗansa mai digiri ya duba ya ce lafiya ce. Ya rubuta amsa mai zafi, ya tuna abin da bakinsa ya jawo a baya, ya goge.

Tsohon ya yi ta zubewa. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, fatar kumatunsa ta saki har sai Mai Aski ya ja ta da yatsa biyu kafin reza ta bi. Ƙafafu suka kumbura, silifa ta daina shiga. Matar Mai Aski na aiko da abinci, kwanon na dawowa kusan yadda ya tafi. Muryar ma ta shige ciki, ga Gwangwani can sama.

"Hadima," in ji tsohon wata rana, numfashinsa na sarƙewa, "kunna labarai."

"Ban ji da kyau ba. Sake faɗa."

"Labarai."

"Ban ji da kyau ba. Sake faɗa."

Mai Aski ya daka wa abin tsawa, nan take ya kunna, har da kiɗan buɗe shiri. Ga cuta ta gaskiya ta zo, amma wannan ba ta cikin waɗanda ake sanar da Injiniya, tun da dai an ji murya a ɗakin.

"Ba ni wayar in kira shi," in ji Mai Aski. "Ni zan faɗa masa abin da likita ya ce."

"Ka taɓa faɗa masa magana ai." Tsohon ya ɗan murmusa. "Wannan tawa ce. Da bakina zai ji."

Ranar da abin ya faru ranar hutu ce, shago cike da yara da iyayensu. Sai da rana ta ɗaga Mai Aski ya ankara cewa yau bai ji sanarwar magani ta silin ba. Ya ƙarasa kan da ke gabansa, ya ce wa sauran su ɗan jira, ya ɗauki jakar kayan aiki kamar mai zuwa aski, duk da ba ranar ba ce.

Ƙofar a sakaye take. Ya yi sallama, ba a amsa ba.

An jawo kujerar daga wurinta har ƙarƙashin kantar, ga sawun ƙafafunta a kan leda. Baba Direba na zaune a ciki sanye da farar rigarsa mai guga, wadda yake sawa in za shi asibiti, maɓallan a rufe har wuya. Sandarsa mai lanƙwasasshen kai tana kwance a cinyarsa. Can sama kusa da soket bangon ya sha karta, fenti ya ɓare wuri-wuri inda sandar ta yi ta kuskurewa, filogin kuma na reto a iska. Zoben Gwangwani a mace. Garin fenti ya zubo wa tsohon a ka da kafaɗu, wayarsa na cikin tafin hannunsa, an goge mata ƙura.

Mai Aski ya san fatar nan fiye da tasa. Bayan hannu kawai ya kai wuyan, ya gane. Ya yi salati a hankali, ya shafa idanun suka rufu. Ya rasa wanda zai zaga, don duk wanda ya lissafo sai ya ga kansa a layin.

Yana nan tsaye wayar ta fara ruri a hannun tsohon. A fuskarta an rubuta "Yarona".

Ya zare ta daga cikin yatsun, ya danna. Maganganun da ya daɗe yana wasawa saboda wannan yaro suna nan a bakinsa, ko ɗaya ba ta fito ba. Zai faɗa masa rasuwar, dole ne, amma ba a wannan daƙiƙar ba. Ya jingina wayar a kafaɗar tsohon, dab da kunne.

"Baba, ta sake ɗaukewa tun da safe, na fita da yara sai yanzu na gani. Kada ka hau komai, ka ji? Ɗaga kai kawai ka faɗa min ko akwai haske a zoben. Yau ba ni da taro, ina gida, sai mu bi abin a hankali tun daga farko. Ga 'yar ƙaramar ma nan tana jan wayar, haƙorin ya fito. Baba? Kana jina?"

Mai Aski ya buɗe jakarsa ya ɗauko burushi mai laushi, wanda yake kaɗe wa mutane gashi in an gama aski. Muryar na ci gaba da tambaya, shi kuma ya shiga share garin fentin daga kafaɗar farar rigar, ya kewaye inda wayar take don kada ta faɗi.