Rediyon Baba Mai Guga

"Ɗaga wancan in gani," in ji Yaya daga cikin wayata. "A'a, ba baƙin ba. Mai gilashin."

Na ɗaga mata. Tun ɗazu mai shago ya jera rediyo biyu a kan kanta, ya tsaya yana kaɗa makulli a yatsa. Ɗaya baƙi ne, dunƙulalle kamar bulo, da abin murɗawa babba a gaba. Ɗayan fari ne, fuskarsa duk gilashi, kamar waya, sai an taɓa yake amsawa. Dukansu da intanet suke aiki.

Yaya ba yayata ba ce. 'Yar maƙwabcinmu ce, Baba Mai Guga. Tana aikin asibiti a wani gari mai nisa, shi ya sa ta aike ni. Ni ne mai bango ɗaya da ubanta, kuma intanet ɗin ɗakinmu yana ratsa bangon har gadonsa.

"Ya ce mai kunne yake so," na ce mata. "Wanda zai murɗa."

"Baba ya san me? Wannan baƙin ai na masu gadi ne. Ubana ne fa. A kai masa mai kyau."

"Madam ta san kaya," in ji mai shago. "Farin nan har agogo gare shi. Shi zai tashe shi da safe."

"Ba ya zuwa ko'ina da safe," na ce.

Bai yi dariya ba. Yaya ma ba ta ji ba, ana kiranta daga bayanta. Na sake duban baƙin. Gaskiya ba shi da kyan gani. Farin kuwa ni ma ya burge ni, ina taɓa shi ya kawo haske. Na ce a sa shi a kwali.

Baba Mai Guga ya yi shekaru yana guga a rumfar bakin layinmu, tun kafin a haife ni. Dutsen guga a dama, rediyo a kan taga. Ba ya barin tasha ta zauna. Yana ninke riga yana murɗawa, a yi masa labarai rabi ya wuce, a sa waƙa ya ce mawaƙin mura yake yi. Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka mayar da shi ɗakin baya, rediyon ya bi shi. Wata rana ya miƙa hannu zai jawo shi, rediyon ya faɗo daga kan kujera ya tarwatse. Mai gyara ya duba ya ce irin wannan an daina yin kayansa.

Na tarar da Inna, matarsa, tana goge masa baki. Ɗakin yana warin man zafi da sabulu. Gadon ƙarfe, kujerar roba a gefe da magunguna a kai, taga ɗaya mai fasasshen gilashi.

"Miskili ne?" ya ce. Haka yake kirana tun ina yaro, wai ba na magana. "Ka samo?"

"Na samo, Baba."

Na fitar da shi, na jona wuta, na haɗa shi da intanet. Na taɓa, wani mutum ya fara karanta labarai, murya tas kamar yana zaune a bakin gadon. Inna ta ce, "Ikon Allah." Baba ya miƙo hannun dama. Idonsa ya yi yana, da hannu yake gani. Ya shafa sama, ya shafa gefe, ya shafa baya.

"Ina kunnen?"

"Ba shi da kunne. Taɓawa ake yi. Nan."

Na ɗora yatsarsa a kan gilashin. Ya danna. Babu abin da ya faru. Ya sake dannawa da ƙarfi har rediyon ya ja baya. Mai labarai ya ci gaba da abinsa. Na sa tawa yatsar, nan take tasha ta sauya.

Sai na kalli yatsunsa da kyau. Zafin dutsen guga ya daɗe da cinye su. Fatar ta yi kanta, ta bushe, ta yi santsi kamar ƙaho. Gilashin ba ya jin su.

"To," ya ce. "Shi ma ya riga ya sa ni cikin matattu."

"Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri," in ji Inna.

"Tsohuwa, ke gwada mu gani ko ke ma kin mutu."

Ta goge hannu a zani, ta taɓa a tsorace. Waƙa ta ɓarke da ƙarfi, ta yi baya tana salati. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Mun gwada dabaru. Yaya ta ce a jiƙa yatsar. Inna ta tsoma masa ita a kofi, gilashin ya jiƙe, tashoshi suka riƙa tsalle su kaɗai. Aka shafa masa mai, gilashin ya yi maiƙo. Ranar nan na kai rediyon kusa da fuskarsa don ya ga hasken, hancinsa ya goga, tasha ta sauya.

"Ga shi nan," na ce. "Hanci yana yi."

"Bayan tsufa in koma kaza? In riƙa saran rediyo da baki? Ɗauke mini."

Da farko in yana son a sauya, sai ya buga bango da kofi. In ina gida in zagaya. In ina wurin wankin mota inda nake aiki, sai Inna, ita kuma tsoron rediyon take ji. Ta je ƙara murya ta kashe shi, ta nemi labarai ta faɗa cikin agogo. Su yi ta faɗa. Daga baya bugun bangon ya ragu. Sannan ya daina.

Wata yamma na shiga na tarar rediyon a kashe, an juya fuskarsa bango.

"Ya lalace ne?"

"Lafiyarsa lau."

"In kunna maka?"

Inna tana waje tana shanya zanin gado. Ya saurara ya tabbatar ba ta kusa.

"Miskili, juya ni ake yi. Ruwa ba ni ake yi. Wanka, kai har abin da ba a faɗa, tsohuwar nan ce. Hannu ɗaya ya rage mini. Abu ɗaya nake so in yi da shi da kaina, kafin in tafi. Rediyon ma sai an juya mini?"

Ya nuna rediyon da hannun nan ɗaya.

"Na ce maka mai kunne."

"Ka ce."

"To."

Washegari na nemi kwalin don in mayar. Inna ta nuna mini taga. Ta yanka shi biyu ta toshe fasasshen gilashin, saboda iskar da ke dukan ƙirjinsa.

"Kwali ne fa kawai," ta ce. "Na ga yana da kauri."

Na ciro shi, na toshe tagar da wani tsohon buhu, na liƙe kwalin da salatif. Mai shago ya juya shi sama da ƙasa.

"Wannan kwali ne ko wanda ya yi hatsarin mota?"

"Rediyon bai yi komai ba."

"Wa zai sayi kaya a cikin wannan? Kai za ka saya?"

Na tsaya. Ban iya roƙo ba, ban iya ciniki ba. Tsayuwa kawai na iya. Masu saye suna shiga suna fita, ina nan a bakin kanta da kwalina. Da ya gaji da ganina ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ajiye. Amma baƙin nan an saye shi tun tuni. Sai wani kaya ya iso."

"Yaushe?"

"In ya iso za ka gan shi."

Na koma hannu wofi. Yanzu babu fari, babu baƙi. Na ba Baba wayata ya riƙa ji da yamma, ya ce ba ya so, wai waya ta masu rai ce, kada a kira ni ya amsa. Ɗakin ya yi tsit. Ta bango ina jin ƙarar gadon in Inna tana juya shi, da cokali a kofi. Ban saba jin ɗakin nan haka ba.

Yaya ta kira ni, ranta a ɓace.

"Ka mayar? Wa ya ce ka mayar? Yanzu ka bar shi babu komai."

"Bai iya taɓa shi."

"Ai da ka faɗa mini tun a shago."

"Na faɗa."

Na ji tana jan hanci. "Sau ɗaya ka faɗa," ta ce. "Kai kullum sau ɗaya kake faɗin magana."

Kullum in na tashi daga aiki sai na bi ta shagon. Mai shago ya daina jira in tambaya, daga nesa yake girgiza mini kai. Baba kuma yana ta raguwa. Ya daina cin abu mai tauri, sannan ya daina na ruwan ma sai an matsa. Tsokanar da yake yi wa Inna ta koma kalma ɗaya, biyu. Likita ya zo ya duba, ya fita tsakar gida da Inna, suka yi magana ƙasa-ƙasa. A ranar ta ce in kira Yaya in ce ta nemi hutu ta taho.

Da la'asar ɗin wata rana mai shago ya ɗaga mini hannu. Kayan sun iso. Ban tsaya ya sa a leda ba.

Na tarar Inna ta jingina shi da matashi biyu. Ya rame har agogon hannunsa ya koma gwiwar hannu. Na jona rediyon, na haɗa, ban ɗora shi a kujera ba, na ajiye shi a kan gadon, jikin cinyarsa ta dama.

"Baba. Miskili ne."

"Na ji shirunka."

Na ɗauki hannunsa na ɗora. Yatsun suka bi gefe, suka hau gaba, suka sami kunnen. Suka tsaya a kai. Ya daɗe yana shafa shi da babbar yatsa.

"Yauwa," ya ce.

Ya murɗa. Abin ya yi ƙas, mai labarai ya fito. Ya bar shi ya faɗi rabin jimla, ya murɗa. Waƙa. Ya taɓe baki, ya murɗa. Ƙwallo. Wa'azi. Wasu maza biyu suna gardama. Tallan sabulu. Kowace murɗawa sai ya huta, ya ja numfashi, sannan ya sake.

"Babu shuuu a tsakani," ya ce. "Na da sai ka ratsa daji kafin ka isa gari."

"Haka na yanzu suke."

"Ba laifi."

Inna ta zauna a bakin gadon, hannunta a kan ƙafarsa. Ya ci gaba. Ya wuce tashoshin da muka sani, ya shiga waɗanda ban taɓa ji ba, harsuna iri-iri, kaɗe-kaɗen da ban san da me ake yin su ba. Sai wata mata ta fito tana magana a hankali, cikin wani yare da babu wanda ya gane ko kalma ɗaya a cikinmu. Nan hannunsa ya tsaya. Ban sani ba ko zaɓa ya yi, ko hannun ne ya gaji.

"Me take cewa?" in ji Inna.

"Ina ruwanki. Ni na kamo ta."

"Au, da tsufanka har yanzu kana kamo mata?"

Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga. Bai sake magana ba ina ɗakin.

Da hantsi washegari, ina tsakiyar wanke wata mota, ƙanena ya zo da gudu. Tun kafin ya buɗe baki na ajiye soso. Allah ya yi wa Baba rasuwa, Inna tana ba shi ruwa. Yaya tana hanya, ba ta riske shi ba.

Rana ɗaya ya yi da rediyon, ita ma ba cikakkiya ba. Makonnin da ya yi yana kallon bango sun fi haka yawa. Na sha lissafa su a raina ina wankin mota, ba su taɓa raguwa ba.

Bayan mutane sun watse, na shiga in kwashe kujerun da aka aro daga gidanmu. An naɗe katifar, gadon ya zama ƙarfe zalla. Inna tana zaune a ƙasa ta jingina da shi. Rediyon yana kan kujerar roba inda magunguna suke a da, an rage murya, matar nan tana ta magana. Yaya ta shigo da idanu a kumbure, ta dube shi, ta dube ni. Ba ta ce komai a kan launinsa ba. Ta miƙa hannu.

"Inna, bari in samo miki wadda za ki gane."

"Bar shi," in ji Inna. "Inda ya ajiye shi ke nan."

Yaya ta janye hannunta, ta zauna kusa da uwarta. Na ɗauki kujeru biyu na tsaya a bakin ƙofa. Matar cikin rediyon ta ɗan yi dariya a kan wani abu, ta ci gaba. Inna ta karkata kai wajenta, tana gyaɗawa a hankali.