Wayar da Ta Manta Fuskokin Mutane

Ya'u bai roƙi kowa sabuwar waya ba, kuma har yau da wannan maganar yake fara ba da labarin. Tsohuwar tasa shekara bakwai tana hannunsa. Gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da kyauro, batirinta ba ya kai azahar. Amma tana kira, ana ji, shi kuma abin da ya sani ke nan da waya.

Ƴarsa ta fari, Tahira, wadda ke koyarwa a wata lekol, wato makarantar boko, cikin unguwar Zariya a Maraɗi, ita ce ta ga abin ya zama abin kunya. Ta tara ta sayo masa wata shimfiɗeɗiya mai ido uku a baya. Abin da ba ta sani ba, kuma Ya'u bai taɓa gaya wa kowa ba, shi ne yadda yake gane mutanensa a cikin waya.

Ya'u dillalin zogale ne a Jiratawa, bai kuma yi boko ba. Duk wanda ya ba shi lamba, sai ya ɗauki hoton abin da zai tuna masa da mutumin ya liƙa a kai. Mai taki, buhun taki. Ƙanwarsa Tasalla ta Tsibiri, tunkiyarta mai baƙin kunne. Maman Lawali direba, tayar gaba ta motarsa. Wajen suna kuwa, tunda wayar ba ta yarda a bar shi fayau, sai ya danna duk harafin da babban yatsansa ya faɗa a kai. Haka ya tara mutum ɗari biyu da sha biyu, bai taɓa kiran wani a madadin wani ba.

Ranar Laraba Tahira ta kai shi rumfar Ezra, wani mai gyaran waya ɗan Tsibiri da ke sana'a a Maraɗi.

"Baba, mi za a kwashe maka daga tsohuwar?" in ji Ezra.

"Mutanena kaɗai," in ji Ya'u.

Ezra ya kwashe lambobin a kan sim, ya ƙirga, ɗari biyu da sha biyu cif. Sannan ya goge tsohuwar tas, domin a gidan su Ya'u tsohuwar waya ba ta kwana, na ƙasa ake miƙa wa, Tasalla kuwa shekara biyu ke nan tana jiran wannan. Da yamma Ezra ya tafi mata da ita Tsibiri. Ya'u ya sa sabuwar a aljihu bai ko buɗe ba, don tsoron kada yatsunsa su ɓata gilashin.

Washegari Alhamis, ranar lodi. Tun asuba aka shiga yankan zogale, kafin hantsi buhu goma sha huɗu na jere a gindin mangwaro bakin hanya, na manoma gida tara, duk an damƙa wa Ya'u. Tsarin kuwa sananne ne. Maman Lawali yakan ratsa Maraɗi da azahar zuwa Damagaram, ba ya kuma karkatowa Jiratawa sai in Ya'u ya kira shi. Ɗanyen zogale ba ya haƙuri a buhu. In ya wuce la'asar sai ya ɗau zafi, ya yi rawaya, ganyen ya zube, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci.

Ya'u ya zaro sabuwar waya da ƴar taƙama, ya buɗe wajen mutane. Babu taya, babu tunkiya, babu buhun taki. Kowace lamba da kan mutum launin toka, ba ido ba hanci, duk iri ɗaya, a gefe kuma ƴan haruffan nan da shi kansa bai san abin da suke cewa ba. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Ya kashe ya kunna. Har girgiza ta ya yi, yadda yake yi wa tsohuwar.

Kuma ba wanda zai tambaya, domin lambar Maman Lawali ita ce dillancin nasa gaba ɗaya, shekara da shekaru yana ɓoye ta ga manoma kamar kuɗin adashi. Ya ce bari ya kira Tahira, sai ya tuna ita ma hoton allo ce, allon kuma ya tafi. Ya hau babur ransa a ɓace.

A lekol ya sa aka fito masa da ita daga aji. Da yake ƴar fari ce ba ya kama sunanta, Madam yake ce mata kamar ɗalibanta.

"Madam, wagga waya taki ba ta san kowa ba."

Ta karɓa ta duba, ta ƙara dubawa. "Baba, mi ne ne wannan? Wa ake ce ma G? Ga wani GG, ga GGG har guda bakwai."

"Ni na sani? Hotunan nike tambaya, ina sunka tahi?"

Sai a lokacin ta gane. Kunya ta kama ta, ba don shi ba, don kanta, da ta shekara bakwai ba ta lura ba. Ta bar wa wata malama ajin suka nufi rumfar Ezra.

Ezra ya dafe kai. "Baba, sim ba ya ɗaukar hoto, nimero kaɗai. Da ka hwaɗa mini."

"Ban ce maka mutanena ba? Mutum nimero ne?"

"Tsohuwar kuma na goge ta, ba abin da ya rage."

Ya'u bai yarda ba. Waya da ta san mutum shekara bakwai ba za ta manta shi dare ɗaya ba, haka ya ce. Ya ɗauki Tahira a bayan babur suka kama hanyar Tsibiri, tana ce masa ɓata lokaci ne, yana ce mata ai ita ta fara ɓata shi. Suka tarar da Tasalla a tsakar gida tana murna, ta riga ta cika wayar da hotunan tunkiyarta ta kowace kusurwa. Da ta ji abin da ya kawo su sai ta sa wayar a bayanta.

"Yaya, kyauta dai an ba ni."

"Ba amsa za ni yi ba, dubawa za ni yi!"

Ya duba. Ezra ya yi gaskiya, ba kowa a ciki sai tunkiya.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Tahira ta sassauta murya ta ce, "Baba, ai Baba Hafizu na da nimeron direban. Shi ya haɗa ku, kuma shina tasha kullum."

Hafizu ƙanen Ya'u ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara uku da suka wuce ya buɗe wa gonarsa ruwan kanal na ban-ruwa ranar da ba tasa ba, irin albasar Ya'u ya ƙone, aka faɗi maganganun da ba a faɗa wa ɗan'uwa. Hafizu ya bar gona ya koma kamasho a tashar Maraɗi. Ya'u kuwa ya ɗauki hoton shingen ƙayar da ke tsakanin gonakinsu ya liƙa a lambarsa. Duk Sallah in Hafizu ya kira, ƙaya takan fito a gilashi, shi kuma ya kife wayar har ta gaji.

"Gara zogalen ya ruɓe," in ji Ya'u.

"Ba naka ba ne kai ɗaya."

Ya san da haka, shi ya sa ya ƙara jin haushi. Ya zauna a zauren Tasalla ya ce zai kira lambobin ɗaya bayan ɗaya har ya faɗa kan direban. Tahira ta ce to ya riƙa jin murya yana kashewa. Ya dube ta kamar ta ce ya shiga masallaci da takalmi. Ina aka taɓa kiran mutum a kashe ba a gaisa ba?

Na farko wanzami ne, aka tambayi gida da yara da zafi. Na huɗu ya yi rashin uwa wata biyu da suka wuce, Ya'u bai je ba, sai da aka yi ta'aziyya da addu'a da ban haƙuri. Na tara ya gayyace shi suna. Wata tsohuwa mai sayen zogale kwano-kwano ta riƙe shi tana ba shi labarin ƙafarta. Kiredin kira ya ƙare a wayar, Tahira ta fita ta sayo. Ya'u yana gumi, yana tsaki tsakanin kira da kira, amma da an ɗauka sai ka ji ya ce, "Lahiya lau, ina gajiya?" Har rana ta take tsaka mutum talatin da ɗaya kawai ya sallama.

Na talatin da biyu ya ɗauka tun ƙarar farko. Ana jin hayaniyar motoci a bayansa.

"Salamu alaikum," in ji Ya'u, "don Allah da wa nike magana?"

Sai muryar ta ce, "Yaya?"

Yatsan Ya'u ya tafi wajen kashewa, bai ma san inda ake kashe wannan wayar ba. Tahira da Tasalla sun zuba masa ido.

"Ba ni na kira ka ba," in ji shi. "Wagga waya ce, ba ta san kowa ba."

"To, Allah shi yi mata albarka. Ina kwanan su Yaya? Ina gida?"

An gaishe shi, dole ya amsa. Ya amsa gida, ya amsa yara, ya amsa aiki. Da aka zo kan aiki ne maganar ta kuɓuce masa, ya ce buhu goma sha huɗu na bakin hanya tun hantsi.

"Maman Lawali ga shi nan gabana shina shan hura, yanzu za shi tashi," in ji Hafizu. "Ka koma Jiratawa, mu muna tahe."

Sai bayan la'asar motar ta iso, don sai da aka sauke wani kaya a gari. Buhu uku da rana ta fi duka sun yi rawaya. Ya'u ya ce a bar su a matsayin nasa. Hafizu ya tuɓe riga ya shiga lodi ba wanda ya sa shi, Ya'u na miƙa masa buhu, ba su dubi juna sosai ba. Ya'u ya lura ƙanen nasa ya yi furfura a gemu, abin ya sosa masa rai, domin bai ga lokacin da ta fara fitowa ba.

Da motar za ta tashi, Ya'u ya sa Tahira ta ɗaukar masa hoton tayar gaba ta liƙa. Ta liƙa, sannan ta ce, "Saura Baba Hafizu. In je in ɗauko shingen?"

"Ba ni nan," in ji Ya'u.

Ya ɗaga wayar ya saita ƙanensa, sai ya ga fuskar kansa ta cika gilashin, da gumi da ɓacin rai. Ya yi tsaki. "Kun gani ko? Shi nike so, ita ni take nuna mini!"

Hafizu ya matso ya leƙo ta kafaɗarsa don ya nuna masa inda ake juyawa, babban yatsan Ya'u kuma ya faɗa inda ya saba faɗawa. Hoton ya fito a karkace, rabin fuskar Ya'u a murtuke, Hafizu a gefe baki buɗe.

"A sake?" in ji Tahira.

Ya'u ya daɗe yana kallonsa.

"Bar shi hakanan," ya ce. "Wanga zan gane shi in ya kira."