Kiran Ɗiyar Ezra

"Ba zan sha ba," in ji Baba Abdulƙadir, ya ture maganin da bayan hannu. "Sai ka ba ni wayata."

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwanon kunu. Shekara ashirin da shida muna hawa bene ɗaya a unguwar Mansur ta Makka, ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Ɗansa Talal na tsaye a kansa, wayar na cikin aljihun farar rigarsa.

"Ya abuya, khalas, ya isa haka Baba," Talal ya ce. Ya juyo wurina, ni da yake kira Khala, wato inna. "Khala Ramlatu, ki yi masa magana. Bayahudiya ce ke ta kira. A wannan lokaci, da abin da ake gani a Gaza? Maƙwabta su ji, me za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama," tsohon ya ce. "Kullum ina kuka don yaran Gaza. Ubanta Ezra bai kashe ɗan kowa ba. Zauna, Ramlatu."

Na zauna a gefen katifa. Likita ya riga ya sallamo shi daga asibiti, ya ce a kai shi gida ya huta, kuma duk mun san ma'anar hakan.

Labarin Ezra Sha'ul ba baƙo ba ne a wurina. Baba ya taso daga Damagaram a ƙafa yana saurayi, da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Omdurman ta Sudan. Ezra, Bayahude mai fataucin fata da ƙaro, ya ɗauke shi aiki. Ranar Juma'a da kansa yake kora shi masallaci, ya tsare shagon. Shekarar da aka yi yaƙin Larabawa da Isra'ila, a sittin da bakwai, mutane suka zo da kananzir za su ƙona shagon. Baba ya tsaya a ƙofa da sanda, aka fasa masa goshi, amma ba su shiga ba. Cikin watan nan Ezra ya kwashe iyalinsa zuwa Turai, Baba ya ƙarasa Makka.

"A Turai Ezra ya fara daga ɗinkin jaka," Baba ya ce, numfashinsa na ja. "Har ya yi masana'anta. Ma'aikatansa suka tsayar da shi zaɓe, ya shiga majalisa, shekara goma sha biyu. Sai jam'iyyarsa ta kawo dokar korar baƙin da ba su da takarda. Aka ce kowa ya ɗaga hannu. Ya miƙe ya ce, ni ma an taɓa kora ta, ba zan kori kowa ba. Suka cire shi daga jam'iyya, kujerar ta tafi, ya koma shago. Ya rubuto mini wai barcinsa ya fi daɗi."

Ba su sake ganin juna ba. Ezra ba shi da hanyar shiga Makka, Baba ba shi da fasfo. Yanzu Ezra ya daɗe da mutuwa, ɗiyarsa Mazal ta samu wasiƙun Baba a akwatin mahaifinta, ta bi ta hannun wani ɗan Sudan har ta samo lambarsa. So take ta ji yadda ubanta yake kafin a haife ta.

"Ni kaɗai na rage da na san shi a Omdurman," Baba ya ce. "In na tafi da shi a baki, wa zai faɗa mata?"

Talal ya girgiza kai ya fita da wayar. Baba ya zaro takarda daga ƙarƙashin matashi, lambar tana rubuce da manyan baƙaƙe. Na buga kiran bidiyo a wayata.

Fuskar wata dattijuwa mai furfura ta fito. Baba ya gyara hularsa, ya yi mata sallama da Larabcin Sudan, ta amsa da nata gutsattsari. Ya faɗa mata yadda ubanta yake shinshina fata ya san garin da aka jeme ta, da yadda yake rasa haƙuri in shayi ya huce. Ya nuna mata tabon goshinsa. Ta rufe baki da hannu tana kuka. Sun fi rabin awa. Da suka gama ya ce, "To, kawo maganin." Ya sha, ya sha kunu cokali uku.

Bayan kwana biyu ya rasu, ana kiran sallar la'asar, Talal na laƙanta masa shahada. Aka yi masa salla a Masallacin Harami.

Ranar uku ta ta'aziyya ina saukowa da tiren shayi, Talal ya tare ni a bene.

"Khala, lambar matar nan tana nan?"

Na miƙa masa wayata. Ya zauna a kan matakala, tsakanin takalman masu gaisuwa, ya ja gefen rigarsa don mutane su samu hanya. Ya daɗe yana kallon lambar kafin ya kara a kunne. Na wuce shi a hankali don kada kofuna su yi ƙara.