Bulon da ba ya shan ruwa

Sana'ata ba ta da daɗin faɗa a baki. Leda nake narkawa a cikin rabin duro, in ta yi baƙi ta yi kauri kamar kwalta sai in zuba mata tankaɗaɗɗen yashi, mu yi ta juyawa da shebur, sannan mu ɗura a mazubin ƙarfe mu danne. In ya huce sai ya fito bulon daɓe, irin wanda ake jerawa a tsakar gida. Ledar ce ke riƙe yashin, wato aikin da siminti ke yi a bulon kowa. A gaban baƙi ba na cewa leda, foliyetilin nake cewa, ina ɗan ɗaga haɓa. Sai dai duk turancin nan bai hana rigata warin ƙonanniyar roba ba.

Babana kuwa bulon siminti ya buga tun yana saurayi har bayansa ya ƙi. Rabin gidajen unguwarmu da bulonsa aka tayar da su. Ranar da na fara kai masa nawa, ya juya shi a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, sannan ya ajiye a ƙasa.

"Wannan ai shara ce aka dafa," ya ce.

Tun daga ranar, in aka tambaye shi me ɗansa ke yi, sai ya ce, "Yana nan yana fama." Ba ƙarya ya yi ba, amma abin na cina. Ga ni da mata da 'ya'ya da ma'aikata, masu gidaje na yaba aikina, amma ni abu ɗaya nake jira, tsohon nan ya yarda cewa abin da nake yi aiki ne irin nasa. Na san abin kunya ne ga ƙaton mutum mai furfura a gemu. Sanin bai rage mini komai ba.

Damina ta wuce ta bar tsakar gidansu duk ramuka, har Mama ta yi tuntuɓe ta gurɗe ƙafa. Nan na samu ƙofa. Ban nemi izini ba, na bari sai da ya tafi gidan ƙanwata ya kwana biyu, na kwaso ma'aikatana da mota guda ta bulo. Ni da kaina na zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ɗan karkace in jefar. Muka baje yashi, muka jera, muka daddanne, gida ya fito tas.

Ranar dawowarsa har sabuwar riga na saka. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ƙasa, ya taka ya wuce ɗakinsa. Ko sannu da aiki ban samu ba. Aka bar ni a tsaye da sabuwar riga da dogon jawabin da na shirya na amsa godiya.

Ba a jima ba Mama ta kira ni a waya.

"Ka zo ka ga babanka. Kullum da safe sai ya bi daɓen nan da ruwa. Yashin ƙasan ya fara fita, bulon da ke bakin rariya har sun soma rawa."

Kaina ya ɗau zafi. Nan take na gane nufinsa, don ni gwanin gane nufin mutane ne tun kafin su yi shi. Gwada ni yake yi. So yake ruwa ya jiƙa bulon ya ruguje, ya aika a kira ni, ya nuna mini da yatsa. Matata ta ce in tsaya in karya tukuna, na ce yau ba ranar ci ba ce. A hanya na yi ta jera hujjoji ni kaɗai, har wani mai babur ya juyo ya ga ko da shi nake.

Na sami Baba a sunkuye, da bokiti da wani tsohon gwangwani, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Layi-layi yake bi, ba ya tsallake ko guda. Na gaishe shi a gaggauce na fara.

"Baba, ku yi haƙuri, amma wannan fa ba siminti ba ne. Siminti ne ke son ruwa kafin ya yi ƙarfi. Leda da zarar ta huce ta gama kama yashi, shi ke nan. Ko a kogi kuka jefa shi ba abin da zai same shi. In gwadawa kuke so ku yi, ku faɗa mini in kawo guduma, a yi ta a gaban kowa."

Na yi ta zuba. Har foliyetilin sai da na ambata, a cikin gidan da na yi rarrafe. Mama ta leƙo daga ɗakin girki, ta ga abin ya fi ƙarfinta ta koma.

"Ka gama?" ya ce.

"Na gama."

"Ai na ga ba ya sha. Tun ranar farko na gani, ruwan gangarewa yake yi."

"To, Baba, me ya sa kuke wahalar da bayanku?"

Ya miƙe da ƙyar, ya jefa gwangwanin cikin bokiti. Ba ni yake kallo ba, daɓen yake kallo.

"Sabon bulo ne a gidana. Ni ban taɓa barin sabon bulo da ƙishi ba, kuma ban san wata hanyar kula da shi ba. In akwai, ka koya mini."

Duk hujjojina suka watse. Daɗi da kunya suka haɗu mini wuri ɗaya, na rasa inda zan sa idona. Babu wata hanyar, ni na fi kowa sani. Bulona shara kawai yake so, a bar shi ya sarara. Na kuma san ruwan nan zai ci gaba da cinye yashin, kuma ni ne zan dawo in tayar da na bakin rariya in sake jerawa.

Na naɗe hannun riga, na ɗauki bokitin.

"Ina kuka tsaya?"

Ya nuna da ƙafa.

"Daga nan. Kuma kada ka kwarara, yayyafawa ake yi."