Garejin Ergash ota

"Ku ƙara ƙasa ta can kusurwar! Davron, shebur ne a hannunka ko cokalin shayi?"

Ergash ota ke nan, wato Baba Ergash a harshenmu, maƙwabcinmu, yana zaune a kujera a bakin garejinsa, an naɗe shi da bargo har wuya. Mijina Davron da mazan layinmu bakwai suna cike ramin gyaran mota da ke tsakiyar garejin. Shekara arba'in tsohon nan ya yi yana tuƙa tasi a birninmu Namangan. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, likitoci suka ce a mayar da shi gida kawai, bai tsaya wata-wata ba, ya ba ƙanensa motar, ya kira gayya.

"Ota, ka shiga ciki, sanyi ya yi yawa," in ji Davron.

"In shiga ku yi mini aikin ganin ido? Allah ya kiyaye."

Yara goma sha ɗaya ne a layinmu. Da hunturu ya kama, wata uku suke yi a kulle a ɗaki. Titi ƙanƙara ce da motoci, sama kuma hayaƙin kwal. 'Yata Nozima ma ba a magana, asma gare ta, ko shago ba na aikenta. Shi kuwa tsohon, jikokinsa suna Rasha, sai a waya yake ganinsu. Shi ya sa ya ce garejin ya zama na yaran unguwa.

Kwana shida aka yi ana aiki. Aka shimfiɗa katako, muka kawo tsofaffin dardumai, muka jingina katifun zama a bango don kada wani ya fasa kai. Aka rataye lilo a ƙarfen da yake ɗaga inji da shi, aka zagaye murhu da raga. Matarsa Saodat hola, wato Goggo Saodat, ta dafa shinkafar osh tukunya guda, muka ci muka watse ranar Alhamis.

Ranar Juma'a jikinsa ya rikice.

To, ga inda muka tafka ta, kuma ni Gulchehra ce a gaba, ba zan ɓoye ba. A wurinmu gidan da ake jinya mai nauyi ba a ɗaga murya a kusa da shi, ko rediyo ba a kunnawa. Garejin kuwa bango ɗaya ne da ɗakin da yake kwance. Na bi gida-gida na ce wa iyaye mata duk yaron da ya doshi ƙofar nan zai gamu da ni. Har daɗi nake ji wai na san ya kamata.

Kwana tara wurin shiru. Ran na goma na kai masa romo. Na same shi ya zabge, fuskarsa tana kallon bangon.

"Gulchehra, 'yata, zauna," ya ce. "Ki faɗa mini tsakani da Allah. Yaran ba su so wurin ba, ko? Warin baƙin mai ne? Na ce wa mijinki a ƙara wanke bangon."

"Kullum tambayarsa ke nan," in ji Saodat hola. "Ni kuma kunya ta hana ni zuwa in roƙi yaran mutane."

Wallahi ji na yi kamar in nutse.

"Ota, mu muka hana su. Don kada su dame ka."

Ya juyo ya dube ni.

"Shiru zan sha har in gaji a inda za ni," ya ce. "Shi ne kuka fara mini tun yanzu?"

Ko mayafina ban tsaya gyarawa ba na fita ina buga ƙofofi. Mastura, mai gidan ƙarshen layi, ta tare ni.

"Kin haukace ne? Mutum yana wannan hali, me za a ce da mu?"

"A ce abin da za a ce. Miƙo mini 'ya'yanki."

Yaran suka shiga garejin da sanɗa, suna raɗa, don mun riga mun tsorata su. Suka tsaya cirko-cirko suna kallona. Sai da ni, uwar 'ya'ya uku, na tattare riga na narka wa ƙwallo ƙafa ta daki bangon. Nozima ce ta fara fashewa da dariya. Daga nan kuma sai wurin ya kece da ihun wasa.

Kwana uku ya samu. Saodat hola ta ce yana kwance yana rarrabe muryoyi. "Wancan mai ihun ɗan Mastura ne. Wannan Nozima ce, ji ta, ko tari babu." Har saƙo ya aiko wai a rage wa lilon tsawo, yana jin ƙafafu na jan ƙasa.

Har gobe ina gode wa Allah da na kai romon nan ranar da na kai shi. Ina kuma gode wa tsohon, don a hunturun nan na fara ganin 'yata ta yi gudu har ta yi gumi.

Rana ta huɗu bayan la'asar ina zaune tare da Saodat hola a gefensa, tana ɗiga masa ruwa a baki tana karanta masa kalmar shahada. Ya miƙa hannu ya ɗora tafinsa a bango. Can numfashin ya tsaya.

Na miƙe zan je in sallami yaran. Ta kama gefen rigata, hawaye na zuba.

"Bar su tukuna. Su ƙarasa wasan."

Ta shafa idanunsa ta rufe. Hannun ta bar shi a inda yake, ƙwallo tana ta dukan bangon daga can ɓangaren.